Ƙanjamau, Magani da Addu'a: Inda Binciken Likitoci da Wa'azin Malamai Suka Gamu a Ƙasar Bagudo

1. Share Fage

Sharabi na cikin garuruwan ƙasar Bagudo, a masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar, iyakar Jamhuriyar Benin kuma ta tokare ta daga yamma. Wanda ya bi ta Tsamiya sai ya faɗa Segbana, wanda ya bi ta Lolo kuwa sai ya nufi Malanbil, mai babbar kasuwa, daura da Gaya ta ƙasar Nijar. Mutanen yankin manoma ne da masunta da makiyaya da fatake. Akwai masu Fulatanci, da masu Dandanci, da Busawa, da Kyangawa, amma Hausa ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci da asibiti.

A wuri irin wannan labarin cuta ya kan zo wa mutum ta ƙofa uku: bakin ma'aikacin asibiti, da rediyo, da mumbarin liman. Su ukun kuwa da kalmomin Hausa su ke aiki. In kalma ta yi daidai da abin da masana suka gano, marar lafiya ya kan je a auna jininsa, ya kuma dawwama bisa shan magani. In ta saɓa, sai ya ɓuya a ɗaki har ƙarfinsa ya ƙare, ko kuwa ya jefar da ƙwayoyinsa ran da ya ji sauƙi. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana inda binciken maganin ƙanjamau ya kai, da yadda malaman addini suka karɓi al'amarin, da kalmomin da su ke tsakanin ɓangarorin nan biyu.

2. Sunayen Cutar

Kalmar ƙanjamau ta fito daga aikatau ƙanjame, watau ramewa ƙwarai har ƙashi ya bayyana. Ginin kalmar tsoho ne cikin Hausa. A kan ɗauki aikatau a liƙa masa ɗafa-ƙeyar -au, sai a sami sunan mai yawan aikata abin, ko sunan abin da ke jawo shi. Daga manta aka sami mantau, daga makara aka sami makarau, daga jimre aka sami jimrau, daga gagara aka sami gagarau. Wanda ya fi kusa da ƙanjamau shi ne sanƙarau, daga sanƙare, domin shi ma suna ne na cuta da aka ciro daga alamar da ido ke gani. Karin sautinsu duka ɗaya ne, gaɓoɓin farko a ƙasa, ta ƙarshe a sama.

Sunan ya zauna daram a harshe, amma yana da illa guda. Ya kwatanta ƙarshen cutar ne kaɗai, ya bar farkonta. Mai ɗauke da ƙwayar ya kan yi shekara 8 ko 10 da ƙibarsa, yana noma, yana fatauci, ba wanda zai dube shi ya ce yana da wani abu. Saboda haka sunan ya koya wa jama'a kuskure biyu: cewa ko wane ramamme abin zargi ne, ko da tarin fuka ko ciwon sukari ke damunsa, da cewa ko wane mai jiki tsarkakakke ne. Kuskure na biyun shi ya fi yawan kai cutar ɗakin amarya.

Bayan wannan akwai sunayen zambo da suka bazu sa'ad da babu magani, kamar kabari-kusa da kabari-salamu-alaikum. A hayin iyaka kuma, inda Faransanci ya ke harshen hukuma, sunan da a ke ji shi ne sida, har Hausar Nijar ta mai da shi nata, tana cewa ciwon sida. Gidajen rediyo suka kawo doguwar jimla, cuta mai karya garkuwar jiki, wadda ta fi sauran bayyana gaskiyar aikin ƙwayar. Cikin 2017 wani rukunin masana harshe da likitoci, a ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan, ya fito da jerin kalmomin wannan fanni cikin Hausa da Yarbanci da Ibo. A Hausa suka zaɓi karya-garkuwa ga ƙwayar da Turawa ke kira HIV, suka bar ƙanjamau ga matakin ƙarshe. Wannan rarrabewa ita ce ginshiƙin duk bayanin da zai biyo, domin aikin maganin yanzu shi ne ya hana mai karya-garkuwa zama mai ƙanjamau.

3. Aikin Ƙwayar da Tafiyar Bincike

Cikin jinin mutum akwai waɗansu fararen ƙwayoyin halitta da likitoci ke kira CD4, waɗanda su ke kamar sarakunan yaƙi ga sauran dakarun jiki. Lafiyayyen mutum ya kan sami tsakanin 500 da 1,500 cikin ɗan mitsitsin awon jini da a ke ƙirga su da shi. Karya-garkuwa su ta ke shiga. Tana shiga sai ta kwafi rubutun halittarta, ta dasa shi cikin rubutun halittar mai masaukinta, sa'an nan ta mai da shi masana'antar ƙera 'ya'yanta har ya mutu. In ƙirgar ta faɗi ƙasa da 200, sai cututtukan da jiki ya saba kora su sami ƙofa: tarin fuka, da gudawa mai naci, da kumburin ƙwaƙwalwa. Wannan mataki shi ne ƙanjamau.

An fara ba da rahoton cutar cikin Yuni 1981, game da samari 5 a birnin Los Anjalis na Amurka. Cikin 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier na Cibiyar Pasteur a Faris suka ware ƙwayar, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel cikin 2008. Cikin 1986 aka bayyana iri na biyu, HIV-2, wanda gidansa Afirka ta Yamma ne, kuma a shekarar ce Nijeriya ta ba da rahoton masu cutar na farko.

Maganin farko, AZT, ya fito cikin 1987. Ya kan hana ƙwayar kwafar rubutunta, amma bayan 'yan watanni sai ta sāke kama ta gagare shi, domin tana hayayyafa da sauri, tana kuwa yawan kuskure wajen kwafa, cikin kurakuran nan a kan sami wanda magani ba ya kamawa. Mafita ta bayyana a babban taron Bankuba, a Kanada, cikin 1996: a haɗa magunguna 3 lokaci guda. Ƙwayar da ta kuɓuce wa ɗaya, da wuya ta kuɓuce wa ukun tare. Tun daga sa'an nan mace-mace suka ragu ƙwarai a Turai da Amurka.

Afirka ba ta amfana nan da nan ba, domin kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya wuce dala 10,000. Cikin 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da shi dala 350. A watan Afrilu na shekarar shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro cikin 2002, Amurka ta kafa shirin PEPFAR cikin 2003. Nijeriya ta soma raba maganin cikin 2002 a cibiyoyi 25, ta mai da shi kyauta cikin 2006.

Bincike uku na baya sun sāke fuskar al'amarin. Na farko, gwajin HPTN 052 na 2011 ya nuna cewa in miji ko mata mai ƙwayar ya soma magani da wuri, haɗarin sa wa abokin zamansa ya kan ragu da kashi 96 cikin 100. Binciken PARTNER da aka buga cikin 2016 da 2019 ya ƙara da cewa ba a sami ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zaman da magani ya danne ƙwayar cikin jininsa ba. Na biyu, gwajin START na 2015 ya tabbatar da cewa soma magani tun mutum na da ƙarfi ya fi jiran sai ya raunana, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk wanda aka same shi da ita. Cikin 2019 ta fifita dolutegirabir, wanda a ke haɗawa da waɗansu biyu cikin ƙwaya guda, a sha sau ɗaya a yini. Wannan ya yi wa Afirka ta Yamma rana, domin HIV-2 ba ya jin nebirafin da danginsa, amma yana jin dolutegirabir. Na uku, cikin 2024 aka gwada allurar rigakafi ta lenakafabir, sau biyu a shekara, ga 'yan mata a Afirka ta Kudu da Uganda, cikin fiye da 2,000 da aka yi wa ba a sami wadda ta kamu ba sa'ad da aka ba da sakamakon.

Abu ɗaya ya rage. Rubutun ƙwayar da aka dasa cikin waɗansu ƙwayoyin jiki ya kan kwanta shiru shekara da shekaru, magani ba ya kai gare shi. In aka daina sha, cikin 'yan makonni sai ta farka ta cika jini. Mutane ƙalilan ne aka tabbatar sun rabu da ita sarai, na farkonsu Timothy Ray Brown, wanda aka yi wa dashen ɓargo a Balin cikin 2007 da 2008 saboda sankarar jini. Aiki ne mai haɗarin rai, ba a yin sa sai ga wanda sankara za ta kashe.

4. Nauyin Kalmar Magani

A nan ne harshe ya ke shiga tsakani. Magani a Hausa kalma ce mai faɗi. Tana nufin abin da ke raba mutum da cuta, kamar maganin tsutsar ciki. Tana nufin abin da ke lafar da ita, kamar maganin ciwon kai. Tana nufin abin da ke karewa tun abu bai auku ba, kamar maganin ƙarfe da maganin maciji na 'yan tauri da gardawa. Har tana nufin dabarar fita daga wahala, kamar yadda a ke cewa haƙuri maganin zaman duniya.

Shekara da shekaru aka yi ana shela cewa ƙanjamau ba ta da magani. Masu shelar suna nufin ma'ana ta farko, jama'a kuwa suka ji dukkan ma'anonin, suka ce to, mene ne amfanin gwaji? Da aka dawo ana cewa an sami magani, sai aka ji ma'ana ta farko kaɗai, watau a sha na ɗan lokaci a warke. Haka kuma sa'ad da ma'aikacin asibiti ya duba takardar awo ya ce ba a ga ƙwayar ba. Abin da ya ke nufi shi ne ta yi ƙaranci har na'ura ba ta iya ƙirga ta. Marar lafiya kuwa, wanda ya yi wata shida yana haɗa ƙwayoyin asibiti da rubutun sha da addu'a, sai ya ji cewa babu ita, ya yi sadaka, ya ajiye kwalba. Bayan wata biyu ko uku ƙwayar ta dawo, wani lokaci ma da taurin kan da ba ta da shi da fari.

Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabewa ba. Akwai waraka, akwai sauƙi, akwai rigakafi. Abin da ke hannu a yau shi ne dannewa mai kawo sauƙi da tsawon rai, da rigakafi ga wanda bai kamu ba. Waraka ana kan nemanta. Misalin da ya fi shiga kunnen manomi shi ne na murfin rumbu: muddin yana rufe hatsi ya tsira, ran da aka ɗauke shi ruwa ya shiga.

Masu da'awar waraka ta wannan ƙofa su ke shigowa. Cikin 1999 da 2000 Dokta Jeremiah Abalaka ya tā da ƙura a Abuja da cewa ya sami allurar warkarwa, ba a kuwa tabbatar da ita ta hanyar gwajin da masana suka yarda da shi ba. Cikin Janairu 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkarwa da ganyaye da addu'a, da sharaɗin majinyata su bar maganin asibiti. Waɗansu suka mutu, waɗansu da suka tsira suka kai shi ƙara cikin 2018. Abin lura shi ne sharaɗin. Addu'a ba ta taɓa rage ƙarfin ƙwayar magani ba. Barin shan ta shi ke kisa.

5. Matsayin Malamai

Wanda ya san tarihin Gwandu ba zai ɗauki neman magani baƙon abu ga malanta ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya kafa masarautar, ya wallafa littafi game da maslahar addini da ta jiki tare. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce da dama cikin ilmin likitanci, har da na ciwon basir, kuma sa'ad da Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato cikin 1824 ya nemi a aiko masa da likita daga Ingila. Malamai sun kafa hujja da hadisan da ke umurni da neman magani, da kuma labarin Halifa Umar, wanda ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta faɗa can, ya kuma nuna wa masu musu cewa juyawar ma cikin ƙaddara ta ke. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Duk da haka, da ƙanjamau ta bayyana, wa'azin farko a masallatai da majami'u da yawa ya karkata ga kalmar azaba. Dalili a fili ya ke, tun da ya ke an fara jin cutar tare da labarin zina. Amma kalmar ba ta ɗauki jaririn da ya sha a nono ba, ko matar kulle da mijinta ya kawo mata, ko wanda aka ƙara wa jinin da ba a tace ba. Sannu a hankali malamai da yawa suka koma ga kalmar jarrabawa, wadda ke sāmun na kirki da na banza, wadda kuma ke wajabta wa sauran jama'a dubiya da taimako. Sauyin kalma ɗaya ne, amma shi ke raba wanda za a ci abinci da shi da wanda za a ware wa kwano.

Waɗansu ƙasashe sun riga Nijeriya gwada wannan hanya. A Uganda ƙungiyar likitoci Musulmi ta soma horad da limamai cikin 1992, suna bi gida gida da bayani, kuma a Kampala aka yi taron farko na shugabannin Musulmi na duniya game da cutar cikin 2001. A shekarar 1992 ɗin ce wani limamin cocin Angilika na ƙasar, Gideon Byamugisha, ya san yana ɗauke da ƙwayar, ya kuwa bayyana wa jama'a, abin da wani shugaban addini a Afirka bai taɓa yi ba. A Senegal hukuma ta tara malaman Musulunci a Dakar cikin 1995, na Kirista cikin 1996, yawan masu cutar cikin jama'ar ƙasar kuwa ya tsaya ƙasa da kashi 1 cikin 100.

Arewacin Nijeriya ya koyi darasinsa ta wata cuta dabam. Cikin 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan ga yara masu sanƙarau a Kano, yara 11 cikin 200 da ke cikin gwajin suka mutu, shari'a ta ja har aka sasanta da Jihar Kano cikin 2009. Wannan tabo na cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi cikin 2003, sa'ad da aka ce allurar shan-inna na ɗauke da ƙanjamau da maganin hana haihuwa, Kano ta dakatad da ita har Yuli 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ba a shawo kan al'amarin ba sai da sarakuna da malamai suka shiga, musamman bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa na kiwon lafiya cikin 2009. Cikin Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shan-inna ta daji. Darasin ya shafi ɓangarorin biyu: mai bincike ya nemi yardar mutane da harshen da su ke ji, malami kuma ya tambayi masu sani kafin ya hau mumbari.

6. Inda Fatawa da Bincike Suka Haɗu

Azumi. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, amma mai shan magani da ya ji ƙarfi ba ya son a gan shi yana ci da rana, domin tambaya za ta biyo. Farfesa Abdulrazaq Habib da abokan aikinsa sun bi majinyata a Kano cikin watan Ramadan, suka buga sakamakon cikin 2009. Suka ga masu azumi sun mai da shan maganin zuwa sahur da buɗa-baki, kiyayewarsu kuwa ba ta bambanta da ta marasa azumi da wani abin kirki ba. Ƙwaya ɗaya a yini ta ƙara sauƙaƙa wannan. Wanda jikinsa ya raunana ko ya ke haɗawa da maganin tarin fuka, shi ne ya kamata liman ya ƙarfafa masa karɓar rangwame.

Aure. Cikin 2012 Hukumar Hisba ta Kano ta soma aurad da zawarawa, ta sa gwajin jini sharaɗi, kuma cikin 2024 jihar ta yi dokar gwaji kafin aure. A Bauchi hukumar yaƙi da cutar ta yi suna tun 2008 wajen haɗa aure tsakanin masu ɗauke da ƙwayar. Kathryn Rhine, wadda ta zauna da irin waɗannan mata a Kano ta wallafa littafi cikin 2016, ta nuna cewa abin da ya fi damunsu shi ne samun miji da ɗa da rufin asiri. To, binciken 2011 da na bayansa ya buɗe wata tambaya ga malaman fiƙihu: in magani ya danne ƙwayar har ba ta wucewa, shin sakamakon gwaji dalilin hana aure ne, ko kuwa dalilin bayyanawa da soma magani? Gwajin da ƙarshensa kunyatarwa ce a bainar jama'a ya kan haifi takardun jabu.

Shayarwa. In ba magani, tsakanin 15 da 45 cikin jarirai 100 na uwaye masu ƙwayar su kan ɗauka, a ciki, ko wajen haihuwa, ko a nono. Gwajin AZT na 1994 ya rage wannan da kashi biyu cikin uku, na nebirafin a Kampala cikin 1999 ya rage da kusan rabi, magani uku kuma ya kan sauko da shi ƙasa da 5. Da fari an hana irin waɗannan uwaye ba da nono, sai aka ga gudawa daga gurɓataccen ruwa tana kashe jariran, ga kuma tonon asiri, domin a ƙauye macen da ba ta shayarwa ta riga ta ba da labarin kanta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ita ce uwa mai shan magani ta shayar aƙalla wata 12, tana iya kaiwa 24. Wannan ya zo daidai da shekara biyun da addini ya ambata.

Sirri. Sutura da amana duka kalmomin addini ne, a nan kuwa su kan ja wa juna. Sutura ta hana liman ko maƙwabci yaɗa labarin wani, dokar Nijeriya ta 2014 ma ta hana nuna wa mai ƙwayar bambanci a wurin aiki da makaranta. Amana kuwa ta hana miji ɓoye wa matansa, balle a gidan da mata biyu ko uku ke tarayya da shi. Iyakar ita ce haƙƙi: wanda cutar za ta iya kaiwa gare shi yana da haƙƙin sani, sauran gari ba su da shi.

7. Halin Bakin Iyaka

Babban binciken ƙasa na 2018, wanda aka bayyana cikin Maris 2019, ya sami kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 da ƙwayar, aka kuma ƙiyasta cewa dukkan masu ɗauke da ita a Nijeriya sun kai mutum kamar miliyan 1.9. Shiyyar Arewa maso Yamma ita ce mafi ƙaranci, da kashi 0.6. Wannan abin godiya ne, amma ƙaranci na da nasa nauyi. Inda masu cuta su ke kaɗan, ko wannensu ya kan zaci shi kaɗai ne, cibiyoyin magani kuma su kan yi nisa da juna.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa daga wajen Sharabi da ya kan yi wata biyu tsakanin Malanbil da Gaya. Katinsa na asibiti da Turanci ya ke, na hayin iyaka da Faransanci, haruffan sunan ƙwayar ma a juye su ke, nan HIV, can VIH. In kwalbarsa ta ƙare a can, Hausa ce kaɗai za ta haɗa shi da ma'aikacin asibiti. Haka makiyayin da ya ƙetara da shanu da rani, da masuncin da ya bi ruwa. Rufe iyakokin Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da dakatad da agajin Amurka cikin Janairu 2025, sun nuna yadda igiyar maganin ta ke da saurin tsinkewa. Ba da maganin wata 3 ko 6 lokaci guda, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi ga wanda jikinsa ya daidaita, shi ya fi dacewa da irin wannan zama.

Liman kuwa yana da abin da asibiti ba shi da shi. Yana ko wane ƙauye, yana ɗaurin aure da raɗin suna da jana'iza, almajiransa da 'yan'uwansa malamai suna ɓangarorin iyaka biyu, ba ya bukatar fasfo kafin maganarsa ta ƙetara.

8. Abin da Ya Rataya ga Malamin Makaranta

Ɗaliban kwalejojin horon malamai su ne za su koma garuruwa irin su Sharabi da Illo da Ka'oje, su ne kuma a kan kira su karanta takardar asibiti ko su fassara wa liman sanarwar hukuma. Abubuwa huɗu sun cancanci a koya musu cikin darasin Hausa kansa. Su raba karya-garkuwa da ƙanjamau. Su raba waraka da dannewa da rigakafi, kada su bar kalmar magani ta tafi ita kaɗai. In sun fassara sakamakon awo, su ce ƙwayar ta kwanta, kada su ce babu ita. Sunayen zambo kuma su ajiye su cikin tarihin harshe, a nazarce su kamar yadda a ke nazarin habaici, domin kabarin da su ke ambata ya yi nisa da wanda ya riƙe maganinsa.

Ga masu nazarin harshe kuwa akwai aikin da ke jira: a tattara sunayen cutar da kalmomin jinya cikin Hausar Gwandu da ta hayin iyaka, da Dandanci da Fulatanci da Busanci, a gwama su, a ga inda ma'ana ta ke zamewa in magana ta ƙetara daga wannan harshe zuwa wancan. Irin wannan jeri zai yi amfani ga likita a Birnin Kebbi, da limamin Juma'a a Bagudo, da majinyacin da ke sauraron su biyun.